Kujera Mai Tuƙa Kanta Da Keken Guragu Na Ƙasar Kano Ta Kudu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam baƙin ƙarfe, Ya sanar da shi yadda zai narka shi ya sarrafa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka.

Alhazan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa waɗanda suka sauke farali a 'yan shekarun nan sun komo gida da labarin wani abin hawa da suka gani a Masallacin Harami. Kujera ce mai taya da batir, ana ba da ita haya, tsoho ko majinyaci ya zauna a kai ya yi ɗawafi da sa'ayi a bene ba tare da wani ya tura shi ba. Masu sauraro su kan riƙe baki, su ce hikima ta ƙare. Alhali kuwa wannan ita ce ƙaramar cikinsu. A Amurka da Japan da Suwizalan an ƙera kujerun da su ke hawa matakala, da masu ganin rami su tsaya, da masu kai mutum inda ya nufa su komo da kansu kamar jakin da ya san gida. Abin da ya kamata malamai da 'yan kasuwa su bincika shi ne, a cikin waɗannan duka wacce ce za ta fitar da gurgun ƙauye daga zaure ta kai shi kasuwa da masallaci a watan Agusta, sa'ad da hanya ta jiƙe ta zama caɓi?

Mutanen ofis yanzu sun fi son a ce masu buƙata ta musamman, kuma ladabi ne mai kyau. Amma abin hawan nan keken guragu sunansa a bakin kowa, masu hawansa ma haka su ke kiransa, saboda haka da wannan suna za a ambace shi nan, ba da nufin wulakanci ba.

Mafi yawan masu hawan wannan keke a ƙasar Kano shan inna ce ta kama su tun suna goye. Kakanni sun jingina abin ga iska, shi ya sa suka ba shi wannan suna, amma likitoci sun gano ƙwayar cuta ce da ta ke shiga ta baki tare da ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Yawancin yaran da ta shiga jikinsu ba a ko sanin ta shiga, sai wajen ɗaya cikin 200 ne ta ke kai wa ga laka, ta kashe jijiyoyin da su ke motsa ƙafa, kuma abin da ta kashe ba ya dawowa. A shekarar 2003 gwamnatin jihar Kano ta dakatar da ɗigon riga-kafi saboda zargin da ya bazu cewa an sa masa abin hana haihuwa. Zargin ya sami wurin zama a zukata, domin mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yaran Kano a 1996 ba. Sai a ƙarshen Yuli 2004 aka komo da ɗigon, bayan an samo shi daga Indunusiya. Cikin wannan tsakani cutar ta yi ɓarna, ta ƙetare iyaka har ƙasashe masu nisa. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a jihar Kano a Sumaila ya ke, maƙwabciyar Tudun Wada, a watan Yuli 2014. Na ƙarshe a Nijeriya kuwa a Barno, a 2016, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka shaida Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, ko da ya ke ba a daina ɗigo ba, kuma bai kamata a daina ba. To, jariran 2003 da 2004 yau sun haura shekara 20. Samari ne da 'yan mata, lokacin neman sana'a da aure ya zo musu, kuma wanda ba ya iya kai kansa kasuwa ba ya da hanyar ko ɗaya.

Ban da su akwai waɗanda haɗarin mota ko babur ya karya wa ƙashin baya a hanyar Kano zuwa Zariya ko a hanyar da ta ratsa dajin Falgore, da tsofaffin da ɓarin jikinsu ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum ɗaya cikin 100, watau wajen mutum miliyan 80 a duniya, yana bukatar kujera mai taya, amma masu samu ba su wuce 5 zuwa 35 cikin 100 ba, gwargwadon ƙarfin ƙasa.

Wannan keke mai ƙafa uku da a ke murzawa da hannu ya tsufa ƙwarai. A shekarar 1655 wani saurayi mai gyaran agogo a kusa da birnin Nuremba ta Jamus, sunansa Stephan Farffler, wanda shi kansa gurgu ne, ya ƙera wa kansa abin hawa mai ƙafa uku, ya ɗaura mamurɗi da haƙoran ƙarfe a kan ƙafar gaba. Wanda ya ga zanensa ya ga kakan keken da masu walda su ke haɗawa a Kano da bututun ƙarfe da sarƙa da tayoyin keke. A birnin Kano Aminu Ahmed Tudun Wada, wanda shan inna ta kama shi yana ƙarami, ya yi suna wajen tara 'yan'uwansa a ƙungiya suna ƙera waɗannan kekuna da hannunsu, suna koya wa na baya. A Jos kuma Ayuba Gufwan ya kafa maƙera ta irin wannan aiki mai suna Beautiful Gate, wadda ta raba kekuna dubbai a Arewa, har a 2024 aka naɗa shi ya jagoranci hukumar tarayya mai kula da nakasassu. Kujerar asibiti mai naɗewa kuwa wasu Amurkawa biyu ne, Everest da Jennings, suka fito da ita a 1933, mai batir kuma George Klein na Kanada ya daidaita ta a farkon shekarun 1950 domin sojojin da yaƙin duniya na biyu ya nakasa.

Bambancin kujera mai batir da wadda a ke kira mai basirar mutum-mutumi shi ne, ta farko ƙarfi kawai gare ta, inda aka karkata ɗan sandanta nan za ta nufa, ko da rijiya ce. Ta biyu an ƙara mata abin ji da gani, da 'yar kwamfuta mai lissafi. Wata tana sakin ƙara siririya wadda kunnen mutum ba ya ji, ta saurari amsa-kuwwa, ta gane nisan bango, kamar yadda jemage ya ke yi da dare. Wata da haske ta ke aunawa, wata da kyamara. Abin da suka ji sai su miƙa wa kwamfuta, ita kuma ta umarci injin taya ya rage gudu, ko ya kauce, ko ya tsaya cik, kuma duk wannan yana aukuwa sau da yawa kafin ƙiftawar ido.

Kada almajiri ya zaci wannan fanni baƙo ne ga Musulmi. 'Ya'yan Musa ɗan Shakir su uku a Bagadaza sun wallafa littafin dabarun na'urori tun zamanin Abbasiyawa. A shekara ta 602 ta Hijira, daidai da 1206, Isma'il al-Jazari ya gama littafinsa a birnin Amid, wanda a ke kira Diyarbakir a Turkiyya, inda ya siffanta agogon ruwa, da na'urar ɗaga ruwa daga kogi, da wata mai zuba wa sarki ruwan wanke hannu. Game da hukunci kuwa, masu Sunan sun ruwaito labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a wani yaƙin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. In an halatta zinariya ga namiji saboda lalura, ƙarfe da batir ba abin tambaya ba ne. Shi kansa ya yi ɗawafi bisa raƙumi a Hajjin Bankwana, kuma ya yi wa Ummu Salama izinin ta yi a haye sa'ad da ba ta da lafiya. Kalmar mutum-mutumi kada ta ruɗi kowa, domin abin da malaman Malikiyya suka hana shi ne sassaƙa cikakkiyar surar mai rai mai inuwa, kujera kuwa ba surar kowa ba ce.

Mafi shahara cikin waɗannan kujeru ita ce iBOT, wadda Dean Kamen na Amurka ya ƙirƙira, aka ba da izinin sayar da ita a 2003. Tayoyinta manya huɗu ne, bibbiyu a kowane gefe, suna iya kewaya juna, ta haka ta ke taka matakala ɗaya bayan ɗaya. Tana kuma miƙewa ta tsaya a kan taya biyu kurum, mai zama ya daidaita da fuskar wanda ya ke tsaye, ta riƙa gyara tsayuwarta da wani ma'auni da ya ke jin karkata, mai aiki da irin hikimar katantanwar da yara su ke murzawa ta ƙi faɗuwa. Wanda bai taɓa yin ciniki daga ƙasa yana ɗaga kai ba, ba lalle ya san darajar wannan miƙewa ba. Amma kuɗinta ya haura dala 25,000, masu saye suka yi ƙaranci, aka daina ƙera ta a 2009, sai a 2019 wani kamfani ya komo da ita. A Suwizalan ɗaliban jami'a a birnin Zurik sun fito da wata mai suna Scewo, mai hawa matakala a kan bel irin na katafila. A filin jirgin sama na Haneda a Tokiyo, a shekarar 2020, kamfanin WHILL ya saki kujerun da fasinja ya ke hawa ya taɓa lambar ƙofar jirginsa, su kai shi, ya sauka, su komo mazauninsu ba kowa a kai. Akwai kuma na'urar LUCI da a ke ɗaura wa kujera mai batir ta hana ta karo ko faɗawa gefen dakali. Wanda hannunsa ma ya mutu an yi masa hanyar tuƙi da haɓa, ko da hura iska da zuƙa a ɗan bututu, ko da kallon ido, har da hannun ƙarfe da a ke ɗaurawa a gefen kujera ya ɗauko masa kofi.

Daga nan masu ƙira suka ce me zai hana a ta da mutum tsaye gaba ɗaya? Sai suka yi wani abu kamar wandon ƙarfe mai inji a kwankwaso da gwiwa. Ɗaya sunansa ReWalk, wanda Amurka ta yarda a yi amfani da shi a gida a 2014, kuɗinsa wajen dala 70,000. Abin tausayi, Amit Goffer da ya ƙirƙira shi bai iya sa shi ba, domin sai da sanduna biyu a ke tafiya da shi, shi kuwa haɗarin da ya yi ya taɓa masa har hannuwa. Na Japan mai suna HAL yana karanta ɗan motsin lantarki da ya ke bayyana a fata sa'ad da mutum ya yi niyyar ɗaga ƙafa, sai ya taimaka masa. A 2023 kuma likitocin Lozan sun bayyana cewa sun dasa wa wani mutumin Holan na'ura a ka da wata a gadon baya, niyyarsa ta riƙa tsallake wurin da lakarsa ta yanke, har ya taka. Sai dai iyayen mai shan inna kada su sayar da gona saboda jin wannan labari. Dabarar Lozan tana aiki ne domin jijiyoyin da su ke ƙasa da raunin suna da rai, saƙo ne kawai ba ya isa gare su, ita kuwa shan inna waɗannan jijiyoyi ne ainihi ta ke kashewa. Wandon ƙarfe kuma yana bukatar ƙafa miƙaƙƙiya mai ƙwarin ƙashi, abin da wanda ya shekara 20 yana rarrafe bai cika samu ba.

Yanzu sai a ɗauko kujera irin ta Haneda a ajiye ta a Riruwai. Filin jirgi daɓe ne sumul, ba ƙura, ba akuya, kuma an zana wa kwamfuta taswirar kowane lungu. Ƙasar Doguwa kuwa duwatsu ne da gangara da kwazazzabai, kuma ta fi sauran ƙasar Kano samun ruwan sama. A Tudun Wada laka ce ta fadamun shinkafa, a Kiru da Bebeji rairayi ne da rani, ƙaya ko ina. Ƙurar hunturu za ta rufe idon kyamara cikin yini ɗaya. Dogon ciyayi na gefen hanya na'ura za ta ɗauka bango ne ta ƙi tafiya. Kujerar da nauyinta ya haura kilo 100, in ta nutse a taɓo sai an kira majiya ƙarfi, kuma ba ta hawa bayan babur ko saman motar kasuwa. Batirinta yana son wuta kowane dare. In kuwa wani ɗan allo na lantarki ya ƙone a cikinta, babu mai gyara daga Kwanar Ɗangora har Saminaka, sai an aika ƙasar da aka yi ta. Kuɗinta kuma, dala 30,000 a canjin shekarar 2025 ya haura Naira miliyan 40, abin da zai ƙera kekunan hannu ɗaruruwa.

Ko kujerar asibiti mai naɗewa, wadda a ke rabawa a taron siyasa a ɗauki hoto, ba a yi ta domin wannan ƙasa ba. An yi ta ne don a tura majinyaci daga gado zuwa ɗakin likita. Ƙananan tayoyinta na gaba suna nutsewa a rairayi, boris ɗinta ya cika da ƙasa, ledar mazauninta ta yage, kafin damina biyu ta zama matattarar kaji a bayan ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2008, ta ƙara wasu a 2023, kuma jigonsu shi ne a auna mutum kafin a ba shi kujera, a koya masa hawa, a tanadi wurin gyara kusa da shi. Ba a ɗinka wa gari riga ɗaya.

Duk da haka, kuskure ne a ce wannan hikima ba ta da rabo ga mutanen nan. Ɗan kasuwa mai wayo ba ya sayen dila gaba ɗaya in turmi biyu kaɗai za su shiga a garinsu. Abin da ya fi cancanta a fara ɗauka ma ba ya bukatar batir. Wani Ba'amurke mai suna Amos Winter, na jami'ar MIT, ya je Tanzaniya a 2005 ya ga wahalar masu kujera a hanyoyin ƙauye, sai ya ƙera wata mai sanduna biyu dogaye da a ke turawa gaba, suna juya taya ta hanyar sarƙar keke. In hanya ta yi wuya sai mutum ya kama sandunan daga sama ya sami ƙarfi, in ta yi kyau ya sauko da hannu ƙasa ya sami gudu, watau hannunsa ne ya zama giya. Kayanta duka na keke ne, aka riƙa ƙera ta a Indiya a kan abin da bai kai dala 300 ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse da ƙarfe ya gane sirrin, kuma babu abin da ya fi ƙarfin mai walda na Kafin Maiyaki a cikinta.

Sa'an nan akwai ɗan injin da a ke sa wa a cibiyar tayar keken lantarki, mai ƙarfin wat 250 zuwa 500, wanda ya yi araha tun da Sin ta cika duniya da shi. In an ɗaura shi a ƙafar gaba ta keken guragu aka bar mamurɗin hannu a wurinsa, mai keke ya sami mataimaki a hawan tudu, in batir ya ƙare kuma ya murza ya isa gida. Wannan babban abu ne, domin kafaɗar da ta shekara 30 tana aikin ƙafa ta kan gaji, kuma da yawa daga masu shan inna rauni ya kan ƙaru musu in sun manyanta. Caji ba zai gagara ba, tun da kusan kowane gari yana da mai shagon cajin waya da farantin hasken rana a kan rufi. Sai dai batirin litiyam ba ya son zafi, kada a bar shi a rana ko kusa da murhu, kuma na jabu ya kan kama da wuta. Wanda zai sa inji lalle ya fara gyara birki. Kujerun batir na ƙwarai suna da birki mai kama kansa da zarar an saki hannu, kuma a gangarar Riruwai wannan ya fi idon kyamara amfani nesa ba kusa ba. Mustapha Gajibo ya nuna a Maiduguri cewa ɗan Arewa yana iya mai da motar haya ta koma ta lantarki, keke kuwa bai kai mota wuya ba. Jami'ar Bayero tana da sashen koyar da haɗa inji da lantarki da kwamfuta, ga ta kimiyya da fasaha a Wudil. Zai yi kyau ɗaliban da su ke ƙera kujera mai jin murya domin cin jarrabawa su kai ta hanyar Daɗin Kowa da damina kafin a ba su maki.

Abin da aka fi rainawa shi ne mazauni, alhali shi ya ke kisa. Wanda lakarsa ta yanke ba ya jin zafin zama, sai jini ya tsaya a inda ƙashi ya danne nama, fata ta mutu, gyambo ya buɗe ya ci har ƙashi, ƙwayar cuta ta shiga jini. Kujerun masu tsada suna kishingiɗar da mutum da kansu lokaci lokaci saboda wannan. Maras hali ya wadatu da matashin soso mai kauri da aka yanka daidai jikinsa, da al'adar ɗaga jiki ko karkatawa a kai a kai, da wani na gida mai duba masa baya kowane dare. Asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, nan ne wurin neman awo da shawara kafin a je wa mai walda.

Rabon malamai a wannan al'amari yana bakin ƙofar masallaci. Masallatan Juma'a da yawa an ɗaga su a kan matakala uku ko biyar, sai mai keke ya sauka ya ja jiki a kan ruwan alwala da takalman mutane, ko ya yi salla a waje cikin rana. Kujerar dala 30,000 an yi ta ne don ta ci matakala, amma buhun siminti kaɗan ya kan kawar da matakalar ga kowa. Ƙa'idar magina ita ce kowane taƙi ɗaya na tudu a ba shi taƙi 12 na gangara, ƙofa kuma ta kai faɗin ƙafa 3. Dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairu 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu, wa'adin kuma ya cika a Janairu 2024. Masu cewa taya tana ɗauke da najasa sai su koma Muhtasar. A mazhabar Maliku kashin dabbar da a ke cin namanta mai tsarki ne, an yi rangwame a kan taɓon ruwan sama na hanya, haka kuma takalmin da ya taka kashin jaki ko doki in an goge shi. Tsumma da ɗan ruwa a bakin ƙofa sun isa. Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, 'ya'yansa suka so hana shi fita, ya ƙi, ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3. Aɗa'u ɗan Abi Rabaha kuwa, da gurguntakarsa ya zama mai fatawar Makka. Ba a san adadin irinsu da aka bari a zaure ba su kai makarantar allo ba saboda babu mai goya su.

Akwai wata mas'ala da za ta zo, gara a fara nazarinta. Risala ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai jan ta da mai kora ta. To, in keke mai inji ya ture tiren mai talla ko ya buge yaro, mahayi ne da lamuni ba shakka. Amma kujerar da ta ke zaɓen hanya da kanta, mahayi ne, ko wanda ya ƙera, ko wanda ya ba da haya? Masana dokar Turai ma suna ta kai da komo a kan irin wannan.

Rabon attajirai kuwa ya fi girma. Masu tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga shekara ta 86 zuwa 96 ta Hijira, ya sa wa kowane gurgu mai hidima, kowane makaho ɗan jagora, ya hana su bara. Keke mai kyau shi ne mai hidimar wannan zamani, kuma ba ya cin tuwo. Malikiyya sun halatta hubusin abin da a ke iya ɗauka, kamar doki da littafi, saboda haka babu abin da zai hana mutum ya yi hubusin kekuna goma a garinsu, in yaro ya girma ya miƙa wa na bayansa a auna masa wani. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Sai dai mai yin hubusi ya ware wani kaso domin gyara, don taya da sarƙa da boris su ne abincin keke, kuma sadakar da ta tsaya a ranar rabo ita ce ta ke ƙarewa a bayan ɗaki. Bebeji ta san fatauci, nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma gidauniyar Aliko Ɗangote, wanda ya fito daga zuriyarsa ta wajen uwa, ta sa dukiya mai yawa a yaƙi da shan inna. Ƙananan 'yan kasuwa ma suna da abin yi wanda riba ce a gare su. Mai kayan keke ya ajiye injin cibiya da batir na gaskiya da abin cajinsu, ya koya wa yaron shagonsa ɗaura su, ya yarda da biya kaɗan kaɗan ga wanda zai yi sana'a da keken. Mutanen nan ba ragwaye ba ne. Wanda ya ga ƙwallon da su ke bugawa da hannu a kan katako mai taya, wasan da Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, ya ƙago a 1988, ya san ƙarfin da ya ke cikin waɗannan damatsa. Akwatin kaya a bayan keke ya isa ya mai da mai bara mai sayar da goro ko katin waya.

Saura wata bukata da maƙera ba su waiwaya ba sosai, ita ce ta mata. Keken guragu dogo ne mai faɗi, abin hawan titi ne, ba ya juyawa a zaure, ba ya tsallake dokin ƙofa, ba ya shiga ɗaki balle makewayi. Namiji ya kan ajiye shi a waje ya rarrafa ciki. Mace kuwa, wadda yininta duka a tsakar gida ya ke, tsakanin murhu da randa da turmi, keken bai taɓa aikinta ba ko kaɗan. Abin da ta ke bukata kujera ce gajeriya siririya, mai tayar gaba ɗaya mai kauri wadda ba ta nutsewa a ƙasa, mazauninta ya yi ƙasa yadda hannu zai kai tukunya, faɗinta kuma a auna shi da ƙofar ɗakinta kafin a yanka ƙarfe. Wannan awo sai mace ce za ta shiga ta yi shi, saboda haka kowace maƙera tana bukatar mace guda da aka koya wa riƙe abin awo, ko daga cikin malaman asibitin Tudun Wada da Kiru, ko daga matan da shan inna ta taɓa su da kansu.

Wassalamu.